Dattijo a Zango na Farko

Lurwanu ya ce in sayar da shi.
Ya leƙo ta kafaɗata, bakinsa cike da gyaɗa:
"Baba Tanimu, wannan ai ya sha miya,
ashirin da bakwai, bai taɓa fita ƙaramin rukuni ba.
Tauraro biyun ma don kara na'ura ta ba shi."

Ni ban taɓa riƙe gorar besbol ba.
Filin ma a gilashin waya na san shi,
gilashi mai tsaga ta kusurwar hagu.
Wani ɗalibi ne ya saka min wasan
ranar da ya rasa kuɗin caji,
ya bar ni da ƙungiya, da asusu rabinsa bashi,
da wannan mutum mai suna mai karya harshe.
Na ce masa Dattijo, ya zauna.

Gudu, talatin da tara.
Ƙarfin hannu, arba'in da huɗu.
Ido, hamsin da takwas.
Nan na tsaya, na daɗe ina kallon idon.

Lurwanu ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce haka ne,
amma je ka tambayi masassaƙi
wane icce yake nema in zai yi turmi.

Na daina wahalar da ƙafafunsa.
Abin da shekaru suka ci ba ya dawowa.
Duk makin horon da nake samu,
daren Litinin, daren Alhamis,
in janaretan mai aski ya yi shiru
kuma data ba ta ƙare ba,
a idon nake zubawa.
Koyi jira, Dattijo.
Ba kowace ƙwallo ce taka ba.

Mako uku lambar ba ta motsa.
Ruwa ya cika kogin Kaduna ya janye.
Ran wata Asabar, ina cikin sauya bakin caji,
ta koma hamsin da tara.
Na ajiye ƙarfen narka dalma na yi dariya ni kaɗai,
har mai wayar ta tambaya ko lafiya.

Ba zai gane ba, yaron nan.
Yana zanen goyo lokacin da masaƙa ta rufe mana ƙofa a Kakuri,
shekara goma sha shida ina jin zare da yatsa
kafin ya tsinke.
Ina da arba'in da shida na durƙusa gaban sa'an ɗana
yana nuna min cikin waya da tsinken ashana,
yana cewa, "Baba, hannunka na rawa."
Yana rawa.
Ido ne bai yi ba.

Wasan ƙarshe na kaka, na ɗauko shi zuwa babban rukuni.
Abokin karawata wani ne a wata ƙasa
da rana take fitowa in mun yi isha'i.
Zagaye na tara, mun yi kunnen doki,
mutum uku a zanguna, biyu sun riga sun faɗi.
Lurwanu ya dafe kai.

Bai daki komai ba.
Jifa ta zo a karkace, ya bar ta.
Ta biyu ya bari.
Biyu masu kyau suka wuce, ya haɗiye.
Ta gaba ta yi ƙasa. Ta gaba ta yi waje.
Aka ce ya taka zuwa zango na farko,
na zango na uku ya shigo gida a tafe.
Ɗan ɗigo ne fari a kan kore,
amma na rantse tafiyar dattawa ya yi.

Yau da safe gudunsa ya sauka talatin da bakwai.
Na'ura ta tambaya: a sabunta kwantiragi?
Lurwanu yana shara, ya ƙi kallona.
Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba,
"Shekara ɗaya dai. Kar ka wuce ɗaya."

Na danna biyu.