Sallamar Hagu

Shekara goma sha ɗaya ina duƙe a Taminus
kan teburin da bai fi faifai biyu ba,
ina ɗinke jijiyoyin wayar mutane
da dalma da ɗan hantsaki.
Na san hanjin kowace waya,
ban san kalar saman Jos da azahar ba.

Da tsami ya fara,
ya zama tsinke, ya zama ƙusa a gindin ƙeya,
ya gangaro kafaɗa har ƙaramin yatsa.
Na ce matashi ne, na sauya matashi.
Na ce sanyin garinmu ne, na ƙara riga.
Na shafa man zafi
har Asabe ta ce ɗakin ya koma kemis.

Ranar Juma'a na tsorata.
Liman ya sallame,
na juya dama da kyar,
hagu ta ce ba da ita ba.
Sai da na kwaso ƙirji gaba ɗaya, kamar ƙofar gareji,
kafin na kai sallamar.

Tanimu mai caji ya ja ni Lamingo, sashen gashi.
Na sa ran allura, ko wuƙa.
Sai ga Kangyang, 'yar siririya mai tabarau,
ta ce, "Zauna yadda kake zama a shago."
Na zauna. Ta ɗauke ni da wayata ta miƙo.
Kunkuru na gani yana leƙen rijiya.

"Kanka ya kai kankana nauyi," in ji ta.
"Bisa kafaɗa, ba ya damun kowa.
Ka tura shi gaba, wuya ya shiga dako,
kuma ba ka taɓa biyan sa ba."

Ta ɗora tawul mai ɗumi,
ta danna wani ƙulli da babban yatsa
har na kira sunan kakata.
Sannan darasi:
ja haɓa baya, kamar an miƙo maka abin da ba ka so,
ƙirga biyar, saki.
Haɗa allunan kafaɗa su gaisa.
Kowane rabin awa ka miƙe, ko da mai waya na tsaki.

Bulo huɗu na sa ƙarƙashin tebur.
Yaran layi suka ce na buɗe makarantar ƙadangaru.
Mako na uku na yi ha'inci,
aiki ya yi yawa, na bar darasi,
ƙusa ta dawo da guduma.
Kangyang ba ta yi faɗa ba,
ta ce, "Ni awa ɗaya nake da kai.
Sauran naka ne."

Juma'a ta bakwai liman ya sallame.
Dama.
Hagu, a hankali, har ƙarshe.
Ashe Baba Ɗanjuma mai gyaran agogo ne a gefena,
kansa a gaba, yana kwaso ƙirji da kyar.
Na jira ya shafa addu'a.