Kujera Mai Lamba

Ni ce na riƙe masa littafin baƙi
a majalisar jihar Wiskonsin,
shekara talatin da tara.

Elroy Brandvold, ɗan masu shanu daga Solberg,
ya zo Madisan da kwat ɗin aro,
hannunsa na ƙanshin madara.
Ranar rantsuwa motarsa ta kafe a hanya,
ya shigo zaure a makare, gwiwoyi duk ƙanƙara.

Alkawarinsa ɗaya ne: gada.
Kogin da ya raba garinsu da asibiti
ya ci masa ƙane a tsakiyar sanyi.
Jirgin fito ya daskare a bakin gaɓa,
likita na can tsallake yana jira.

Gwamna bakwai suka wuce ta gabansa.
Ya koyi zama. Ya koyi shiru.
Ya gane doka ba a zaure ake dafa ta ba,
a lungu take nuna, kan kofi mai sanyi, cikin hira.

Ya san sunan karen kowane mai ƙuri'a.
Jana'iza ba ta wuce shi, ko ta ɗan adawa.
Matar da aka yanke wa wuta, tsohon sojan da fansho ya maƙale,
da kansa yake ɗauka, ko biyun dare wayar ta yi ƙara.

A shekara ta sha shida aka ce masa,
ga gadarka a kasafi,
amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski:
za a haɗe ƙananan makarantu, har da ta Solberg.
Ina kallon yatsansa tsakanin maɓalli kore da ja.
Ya danna kore.
Da dare ya tsaya bakin teburina, hula a hannu,
"Marlys, wannan riba ce ko asara?"
Ban amsa ba.
Aikina buga wasiƙa ne, ba shawara.

Gada ta tsaya, da sunansa a allon tagulla.
Motar asibiti na haye ta a minti huɗu.
Ta nan kuma bas mai ruwan ɗorawa ke bi
da shidan asuba, yara na gyangyaɗi a duhu,
mil ashirin zuwa makarantar wani gari.
Tsohon ajinsu kuwa, taraktoci a ciki ake gyara.

Kunne ya yi nauyi. Barci ya fara satarsa a kwamiti.
Kowane zango sai ya ce, "Wannan ne na ƙarshe,"
bazara na yi, ya sake buga allon takara.

Sai ga Dagny Oyen, ma'aikaciyar jinya,
ɗaya daga yaran bas ɗin nan.
Ba ta zage shi ba ko sau ɗaya.
Gida gida take bi, tana faɗin ƙarfe nawa ake tashinta
tana 'yar shekara bakwai.
Da ƙuri'a ɗari biyu da sha ɗaya ta yi nasara.

Kafin talabijin ta faɗa ya buga mata waya.
Na ji yana cewa, "Kasafi daga baya ake karanta shi, 'yata,
a shafin ƙarshe suke ɓoye wuƙar."
Ya ajiye kan wayar a hankali, kamar ƙwai,
bai ƙara ba, ni ma ban ƙara.

Yau muka ɗaure kwali ashirin da uku.
Ya ce abu ɗaya yake so, kujerarsa,
wadda fatarta ta ɗauki siffar bayansa.
Mai kula da gini ya kifa ta, ya nuna masa ƙarƙashi:
lamba 4417, dukiyar jiha.
Ya yi dariya har da tari.
"Ashe kamar kwat ɗin nan ce," in ji shi,
"aro aka ba ni kujera."

Ya sauka matakala yana dafa bango.
Ni na tsaya na goge ƙura.
Littafin baƙi na bar mata a kan tebur,
akwai fararen shafuka saura.