Abin da Mai Fito Ya Gani

Ni ba likita ba ne, mai fito ne,
shekara ashirin da biyu ina tuƙi
daga gungunmu zuwa gaɓar Yelwa.
Amma wanda ya daɗe yana ɗaukar majinyata
ya san nauyin jirgi a tafiya,
ya san nauyinsa a dawowa.

Mura ba ta shiga jirgina.
Atishawa, majina, ƙaiƙayin maƙogwaro,
a sha ruwan ɗumi da citta, a lulluɓa,
kwana uku ko huɗu ta yi sallama.
Ciwon kan wanda ya wuni yana jan taru a rana
inuwa yake nema, da barci, da moɗar ruwa.

Sai dai akwai baƙon da ke aron rigar mura.
Barmo ya fara tari ana yankan shinkafa,
ya ce sanyin kogi ne.
Mako biyu ya wuce, har an gama sussuka,
gumin dare na jiƙa masa tabarma,
mazagin wandonsa kullum sai ƙara tsawo.
Ran da ya yi kaki ya tofar a gefen jirgi
na ga ja yana bin ruwa.
Ban shawarce shi ba, na karkata filafili.
Wata shida ya yi yana haɗiyar ƙwaya.
Ga shi can yanzu yana zagina
wai na taka masa ƙugiya, yana ta kumfar baki da gardama.

Ɗan Ige kuwa wata tara gare shi.
Zawo tun azahar, jiki kamar garwashi.
Aka ce haƙori ne.
Aka ce a jira ubansa ya dawo daga kasuwa.
Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma,
ya ƙi nono, yana kuka babu hawaye.
Sai da asuba aka buga min ƙyaure.
Na yi tuƙin da ban taɓa yi ba.
A dawowa ba wanda ya yi magana,
zanen goyon na ninke a cinyarta,
jirgin kamar an loda masa duwatsun Kwara gaba ɗaya.

Don haka ku ji daga bakin jahili:
zazzaɓin da ya kwana, a je a duba jini;
yaro ya sanƙame ko wuya ya ƙi lanƙwasa,
numfashi na sama-sama, haƙarƙari na lotsawa,
mai ciki ta kumbura fuska, gani na yi mata hazo,
ko jini ya ɓalle mata,
wannan ba na jiran wayewar gari ba ne.
Fitsarin jini ma da yaranmu ke wa dariya,
tsargiya ce, maganinta na can tsallake.

Ƙofata ita ce ta uku daga tsamiya.
Ku buga da ƙarfi, barcina nauyi gare shi.
Gara in kai ku a ce ba komai,
mu dawo kuna mitar kuɗin fito,
ni ina dariya, ina kwarfe ruwa.