Laka a Ƙafa

Na sayo ƙafafu huɗu a Tsohuwar Kasuwa,
manya, masu walƙiya awa tiren biki,
kowace sai da yara biyu sunka ɗaga.
Na ɗaura ma Gwalf tawa, na kama hanyar Kware.

Ramin farko ta yi tsalle, ba ta sauko da wuri ba.
Sitiyari na mutsu-mutsu a hannuna
awa kifin Rima da anka fiddo yanzu.
Kwanar Hamma'ali na taka birki,
taya ba ta ko gaisa da kwalta ba.
Akuyar wani ta sha da ƙyar.

Labbo bai buɗe bonet ba.
Yad durƙusa, ya shafi rim da yatsa,
yac ce, ka taɓa noman fadama?
Buhun albasa bisa kai, gammo na tare maka,
gwiwa na lanƙwasa, kana tafiya.
Amma bari laka ta kama ƙafa,
ko cikin mudu guda:
duk taki sai ka roƙe ta ta taso,
in ta taso, ka roƙe ta ta sauka.

Sifirin gammo ne, in ji shi.
Abin da ke bisansa, ya ɗauka.
Na ƙasansa ba shi da ubangida,
rami ya jefa shi sama,
shokozoba ta bi shi da kuka.

Na maida tsofaffin, marasa kyau, marasa nauyi.
Yanzu tana bin ƙasa awa mai neman allura.

Sababbin suna tsakar gida.
Inna Ige ta kife guda,
ta aza faifan kuɓewa tana shanya.