Murjani a Talaje

A wuyan innata na fara ganinsa,
ja, guda bakwai a zare ɗaya.
Ta ce dutse ne, daga Masar ake kawo shi.
Na yi shekara talatin ina jan kamyo zuwa Kwatano
kafin wani mai kifi a bakin tashar jirgi ya ce mini
dutsen nan yana da baki,
da dare yake cin abinci.

Na yi masa dariya.
Yau ga ni a shagon Sumana, bayan Wadata,
na duƙa gaban akwatin gilashi,
shuɗiyar fitila ta rine mini gemu.

Na innarka daban ne, in ji shi,
garinsu ɗaya, ba gidansu ɗaya ba.
Waɗannan magina ne.
Da farar ƙasa suke gini, suna zaune a kan rufin.

Idona ya tafi kan mai rassa,
ƙahon barewa da aka tsoma a baba,
kowane tsini da ɗan haske kamar an kunna shi.
Nawa?
Sumana bai faɗi kuɗi ba.
Ya ce, sau nawa Nijelek ke ɗauke muku wuta?
Na ce a watan huɗu ba a ƙirgawa.
To bar shi, Alhaji.
Wannan ɗan gata ne.
Ruwa ya ɗumama kaɗan, ya yi fushi,
iskar famfo ta tsaya, ya yi fushi,
kafin ka idar da sallar asuba
ya tuɓe launinsa, ya bar maka ƙashi fari.

Sai ya nuna mini wani can a lungu,
dunƙule kamar fura,
kore mai duhu, da tsaga-tsaga irin na ƙwaƙwalwar rago.
Ba shi da kyau.
Haka aka ce da matata Tsahara
lokacin da na kai goro,
ga mu nan, jikoki tara.

Duba gefensa, in ji Sumana.
In nama ya janye daga baki, kar ka saya.
In ya lulluɓe dutsen har ƙasa, lafiyarsa lau.
Ka shinshina ruwan leda.
Kuma ka bar yatsa huɗu tsakaninsa da maƙwabci,
da dare suna miƙa hannu su ƙone juna
a kan iyakar da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Na ce ashe su ma sun san rigimar fili.

Na ɗauki furar nan,
da wani shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ruwan ƙasa,
mai haƙuri da ƙaramin haske.
Jikka ashirin da biyu.
A gida na ce sha biyu.
Tsahara ta dubi buhun gishirin,
ta ce ga na Bilma cike da kasuwa,
kai sai wanda ya hau jirgi.

Daren jiya, ƙarfe biyu, wuta ta tafi.
Fanka ta yi juyi uku ta mutu.
Na lalubi firigo, na kwaso ƙanƙarar leda,
na jera su a bisa ruwa,
na zauna da ludayi ina motsawa,
ni kaɗai ne igiyar ruwa a duk Talaje.

Illa, ƙaramin jikana, ya fito da tocila.
Ya haska.
Dunƙulen ya buɗe.
Ƙananan yatsu ɗari, farare, suna lalube cikin duhu,
suna neman abin da ban iya gani ba.

Na tuna babana a gonarmu ta Adar
yana tono katantanwa daga cikin dutse,
yana cewa teku ta taɓa kwana nan, ta tashi.
Mu ma dariya muka yi masa.

Kaka, hannunka ya gaji?
Ya gaji.
Kawo ludayin.
A hankali, Illa, kar ka taɓa shi.
Daga hagu zuwa dama,
ka ɗan dakata,
sannan ka dawo.