Almakashin Nomau

Wuta ta ɗauke a Lamorde,
janareto ya yi tari sau biyu ya kama.
Na koma kan madubin awo, ido ɗaya a rufe.
Ƙwayoyin nama sun baje bisa gilashi
kamar Tawa in an hange ta daga tudu.

Ubana Nomau tela ne a bakin kasuwar can.
Yakan ce zare ba ya yin riga,
almakashi ke fidda wuya da hannu.
Ni kuwa ina share ƙyallayen da ya zubar
ina jin haushin asara.

Sai da na girma na tarar
kowace ƙwaya da nata almakashi,
kasfaz sunansa a takarda.
Kwance yake, baki a ɗaure,
har ranar da saƙo ya iso.
Na fari ya farka ya tada na biyu,
na biyu ya tada dubu,
su kwance tankar ɗaki, su datse igiyoyi,
su yayyanka littafin gado.
Ba ihu, ba hayaƙi, ba kumburi.
Ƙwaya ta ɗaure kayanta ƙunshi-ƙunshi
ta ajiye wa maƙwabta a bakin ƙofa,
kafin la'asar an share wurin.

Haka aka tsaga mini yatsu a cikin uwata,
da tafina shafaffe ne irin na agwagwa.
Haka talibamban bakin kogi
ke sallamar wutsiyarsa ya hau tudu.

Amma gilashin yau na Tabawa ne,
mai albasa, ƴar Gamkalle, shekara arba'in da uku.
Nata ƙwayoyin sun ji kira sun toshe kunne.
Almakashi ya yi tsatsa.
Ɗaki bisa ɗaki, ba mai tashi, ba mai ba wani wuri,
har hanyar numfashi ta zama lungu.
Abin da ya ƙi mutuwa a jikinta
shi ke cin ta.

Ɗanta na benci tun hantsi,
ya cire takalmi ɗaya, ya maida, ya cire.
Na rubuta abin da na gani. Na sa hannu.

Da magariba na tsallake gada,
na buɗe gwangwanin da Baba ya bari
tsakanin maɓallai da guntun alli.
Na ɗiga masa man gyaɗa a gaɓa,
na buɗe, na rufe.
Har yanzu yana ci.