Ledar Baba Ɗanliti

Ƙarfe biyun dare a Lamingo,
sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa.
Nanret, mai haɗa magani,
ta zazzage ledar Baba Ɗanliti:
ƙwaya kala tara
da ƙullin sassaƙe daga Bukuru.

Jikarsa ce ke ƙirga masa su.
Annoba ta hana jinya, ta hana dubiya,
sai waya:
"Farar da safe, Anti. Jar in ƙafa ta kumbura."

Ta ɗaga kwali biyu ga fitila.
Suna daban, kamfani daban,
ciki kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.
Shekara talatin yana wanke kuza,
yanzu ƙodarsa ta gaji da wanki.

Ta kira likita, takunkumi na cin muryarta:
"Na hawan jinin nan, a cire ɗaya.
Allurar dare, a rage."
Shiru.
Sai ƙarar biro.

Da hantsi tsohon ya tashi zaune.
Bai san fuskarta ba,
idanun kawai ya gaya wa:
"'Yar nan, yau ɗakin bai juya ba."

Ta mayar da murfin biro,
ta nufi gado na sha ɗaya.